Kuɓewar da Ta Jira Inna

Gusau,
14 ga Yuni, 1998.

Zuwa ga ƙanwata Sa'adiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Alhaji Kamilu da yara da dukan mutanen Tsafe. Yaya ƙoƙari, yaya kuma ruwa? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Uwargida Mansura tana gaishe ki, haka ma 'yarki Wasila.

Dalilin rubuto miki shi ne maganar Inna. Na je Karakkai makon jiya, na same ta da sauƙi. Ƙafar da ta gurɗe lokacin da ta zame a bakin rijiya ta sace, amma har yanzu tana ɗingishi, idon hagun nan kuma ya ƙara yin hazo. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne labarin da maƙwabciyarta Uwani ta ba ni. Ta ce ranar da abin ya faru Inna ta daɗe zaune cikin taɓo kafin a gan ta, domin ba ta kira kowa ba. Tun rasuwar Baba take ita kaɗai a gidan nan, ga shi kuma damina ta kama.

Na sake roƙonta ta dawo wurina. Kin dai san yadda muke da ita. Da yake ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta kallon fuskata, in kuwa za ta ba ni amsa sai ta nemi wani ta gaya masa ina tsaye. Wannan karon ba kowa a kusa, sai ta gaya wa akuyarta. Ta ce, "Kin ji wanga mutum, so yake shi kai ni in zauna bisa siminti in riƙa kallon bango." Gidanki kuwa ba sai na faɗa ba, ba za ta taɓa zama a gidan suruki ba. Saboda haka in ba nan ba, babu wani wuri.

Na zauna na yi nazarin zuwanta na bara, bayan an dawo da mu daga Sakkwato. Ban ga abin da muka rage ta da shi ba, amma kwana biyu kawai ta yi. Sai kwanan nan Mansura ta tuna mini cewa da yammacin ranar ta biyu ta kira mai talla ta sayi kuɓewa da ɗan alayyafo da ya yi yaushi, Inna tana kallo. Da gari ya waye ta ɗaure kayanta. A tasha ta gaya wa Mansura cewa ita ba ta iya barci a gidan da za a ɗora tukunya a rasa ganyen da za a zagaya bayan ɗaki a tsinko.

To, na yanke shawara zan yi mata lambu. Akwai fili a bayan madafa, kusa da rijiya, inda aka zubar da fasassun bulo. Mai gidan ya amince, na kwashe su. Na kuma je ofishin malaman gona, suka ba ni iri da wata ƙasida ta Hausa a kan lambun gida. Na karanta ta har na kusa haddacewa, na yi mata bango da tsohuwar kalanda don kada ta yage. Kin san tun ina ƙarami Kawu ya tafi da ni makaranta, ban riƙe fartanya yadda ya kamata ba, yanzu hannuwana duk bororo ne. Amma na ja igiya, na auna tsakanin kowane rami da ɗan'uwansa da rular ofis kamar yadda aka rubuta. Mansura ta leƙo ta ce, "Malam, shuka kake yi ko zanen taswira?" Ban kula ta ba. Na shuka kuɓewa da alayyafo da rama da yakuwa, na dasa tumatir da tattasai, kabewa kuma na sa ta a jikin katanga.

Kada ki gaya wa Inna tukuna, sai na ga abin da ƙasa za ta yi. Ki taya ni da addu'a. Ki gaishe da Alhaji da kyau. Wassalam.

Ni ne yayanki,
Haliru.

Gusau,
2 ga Agusta, 1998.

Zuwa ga ƙanwata Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya, ina sanar da ke na sami amsarki a hannun direban Tsafe. Na ga dariyar da kika yi mini a ciki, na kuma yafe. Yaya jikin autarki? Allah ya ƙara sauƙi.

Sa'adiya, sun fito. Ban san yadda zan kwatanta miki safiyar da na fara ganin tsiron kuɓewa ba. Na dawo daga sallar asuba, na duƙa, sai ga ƙasa ta tsage, ga wasu 'yan kunnuwa biyu kore shar sun leƙo, ɗaya har da ɓawon irin a kansa kamar hula. Ni da na kusa hamsin, sai na tsinci kaina ina ƙwala wa Mansura kira kamar an yi gobara. Ta fito da gudu ba kallabi, ta duba, ta ce in Allah ya yarda ba za ta sake gudu don ni ba.

Tun daga ranar ban sami kwanciyar hankali ba, amma irin rashin kwanciyar hankalin da mutum ba ya son rabuwa da shi. Ƙadangaru sun cinye mini layin alayyafo guda, na sake shukawa. Wasu ƙwari sun huhhuda ganyen kuɓewa, na barbaɗa toka bisa umurnin ƙasida, suka ragu. Ranar da aka yi ruwa da iska ina ofis, na kasa karanta fayil ɗin da ke gabana, sai tunanin tumatir nake yi, ko sandunan da na kafa masa sun riƙe. Abokan aikina sun sa mini suna Sarkin Noma. Ba na jin haushi. In na taɓa ganyen tumatir da safe ƙanshinsa yakan bi ni har teburina, nakan shinshina yatsuna in ba mai kallo.

Yanzu alayyafo ya kai gwiwa, rama ta yi duhu, kuɓewa kuma ta yi fure ruwan ɗorawa mai jan ciki, har ta fara 'ya'ya. A nan ne matsala ta taso. Kina tune da al'adar gidanmu: Baba bai taɓa kai sabon amfani bakinsa ba sai Kaka ta fara ɗanɗana, ko da ɗanyar gyaɗa ce. Wannan lambu kuwa don Inna aka yi shi. Saboda haka na kafa doka, ba mai tsinkar ko ganye ɗaya sai Inna ta zo ta tsinka da hannunta. Mansura ta ce in ɗiba in kai mata can mana. Na bayyana mata cewa in na kai mata, na kashe dalilin zuwanta da kaina. Ta ce to ita za ta ci gaba da sayen yasasshen alayyafo a bakin ƙofa, mai tallar ma har ya fara leƙen bayan madafa yana tambayarta ko lafiya muke.

Ita kuwa ƙasida ta faɗa ƙarara cewa a riƙa tsinkar kuɓewa tun tana kamar yatsa, in an bar ta ta tsufa uwar takan daina haihuwa. Wannan ne karo na farko da na saɓa mata, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Na je Karakkai na sanar da Inna. Ta juya wajen Uwani ta ce, "Wa? Shi? Lambu?" Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Rabona da jin dariyarta tun Baba yana da rai, don haka ban ji zafi ba. Daga baya ta ce za ta zo ta ga abin mamaki, amma sai akuyarta ta haihu. Na duba akuyar da kyau, ina kyautata zaton ba za ta wuce mako ba.

Ki gaishe da kowa. Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Haliru.

Gusau,
30 ga Agusta, 1998.

Zuwa ga ƙanwata Sa'adiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da Alhaji Kamilu da yara, da fatan ruwan da aka yi ta yi bai yi muku ɓarna ba. Tare da wannan takarda direba zai ba ki kwando. Ki duba, akwai kuɓewa da tumatir da tattasai da damin rama. In wani abu ya ragu ki sanar da ni, domin na ga yadda yake kallon tumatirin.

Za ki yi mamakin yadda aka yi doka ta faɗi. Ga yadda abin ya kasance. Muna da maƙwabta ta bayan katanga, Tanko da matarsa Hannatu, mutanen kudancin Kaduna ne, shi ma aiki ya kawo shi. Mutanen kirki ne, mukan yi musayar kwano da su. Ran Lahadi da suka dawo daga coci Hannatu ta miƙo wa Mansura kwanon miyar kabewa da gyaɗa ta kan katanga. Aka zuba mini a kan tuwon shinkafa. Na ci, na nemi ƙari, na kuma ce wa Mansura ta tambayo mini inda ake sayar da irin wannan kabewa mai garɗi, domin in nemi irinta baɗi.

Ashe Hannatu tana jina. Sai ta ɗaga murya ta ce, "Baban Wasila, ai kabewarka ce! Ta hauro katanga ta kwanta a kan rufin kajina har ta haihu. Na ce baƙuwar da ta haihu a gidana, ai ni ke da hidimar suna." Tanko yana daga ciki yana dariya yana cewa a ba shi shaida shi bai ci ba sai da aka matsa masa.

Sa'adiya, lomar da ke hannuna ta kasa kaiwa baki. Ni da na kafa doka, ni na fara karya ta, har da ƙari. Mansura ta tsaya a kaina ta ce, "Ka ci, ka ƙara, ka suɗe hannu. To mu ma a bar mu mu yi laifin." Na yi tunani mai tsawo, na ga abin da ya shiga ciki ba ya dawowa. Sai na ɗauko igiya na raba lambun biyu. Ɓangaren rijiya na Inna ne, ba mai taɓa shi har ta zo. Ɓangaren madafa kuwa na sake wa mutanen gida.

Ban san abin da na hana kaina ba sai yanzu. Kuɓewar da aka tsinko tukunya tana kan wuta daban take da ta kasuwa, in an karya kanta sai ki ji ta ce ƙas, miyarta kuma tana da wani zaƙi da ban taɓa sani ba. Mansura ta yi mana kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli da ɗanyen tumatir, Wasila da ba ta cin ganye sai da aka ƙwace kwanon daga hannunta. Ran Laraba faten tsaki aka yi da yakuwa, na sha har na kasa komawa ofis da wuri. Na ɗauki wata ɗabi'a kuma: kafin in sa loma nakan gaya wa mutanen gida daga wane layi abin ya fito da irin wahalar da ya ba ni. Sun roƙe ni in daina, ina ƙoƙari.

Abin da ban zata ba shi ne yawan abin. Rabin lambu ne kawai, amma mun ci, mun ba su Hannatu, mun ba liman, ga naki. Mutanen da muke unguwa ɗaya da su tun bara ba mu wuce sallama ba, yanzu sukan tsaya su tambaye ni labarin tattasai.

Game da Inna, akuya ta haihu, tagwaye. Na je da murna, sai ta gaya wa Uwani cewa ba ta shiga mota a wannan wahalar man fetur, a cusa ta kamar buhu. Na ce zan ɗauki shata. Ta ce to ai akwai suna gidan Uwani, sai an yi. Na dawo ni kaɗai. Ɓangarenta yana nan, kuɓewar ta fara wuce yatsa da nisa. Nakan wuce ta gefenta ban duba ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Haliru.

Gusau,
27 ga Satumba, 1998.

Zuwa ga ƙanwata Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajartar wannan takarda, raina ba daɗi.

An yi suna, sai Inna ta ce sai an yanke gero. An yanke gero, ta ce sai an sa shi a rumbu. A halin yanzu ɓangarenta ya zama abin kunya. Kuɓewa ta tsufa ta bushe a jikin uwarta, ta zama kamar ƙahon akuya, wasu har sun fara tsagewa. Alayyafo ya yi tsawo ya fitar da kai, ganyen ya yi tauri. Rama ta fi ni tsawo, ba abin da ke jikinta sai ƙwallaye masu ƙaiƙayi. Tumatir ya nuna ya zube, tsuntsaye sun sha. Duk abin da ƙasida ta ce kada a bari ya faru, ya faru, ina tsaye ina kallo. Wanda ya shigo zai ce rabin nan na wani malalaci ne da ya yi ƙaura.

Yanzu ina cikin tsaka mai wuya. In ta zo ta ga wannan, za ta tabbatar cewa gidana ba gidan da ya san darajar abinci ba ne, ba kuma za ta sake zuwa ba. Na yi tunanin in tuge duka in sake shuka, amma ruwa ya kusa ɗaukewa. Na fi son ta jinkirta har in yi na rani. To amma Uwani ta aiko mini cewa Inna ta yi zazzaɓi makon jiya ta ɓoye, sai da aka ga ba hayaƙi a gidan aka shiga. Ta warke, alhamdu lillahi. Sai dai kowane jinkiri da nake roƙo don in rufe kunyata, ita ce za ta yi shi ita kaɗai a can.

Na gaya miki ne don ba ni da wanda zan gaya wa. Ina roƙonki da girman zumunci, in kin je gaishe ta kada ki ambaci halin da lambun yake ciki. Ki ce komai lafiya.

Yayanki,
Haliru.

Gusau,
11 ga Oktoba, 1998.

Zuwa ga ƙanwata Sa'adiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki da gajiyar hanya, ina gaishe da Alhaji da ya ba ki izinin tafiya. Bayan haka, kin ci amanata, Allah ya saka miki da alheri.

Na san ke ce, domin Inna da kanta ta faɗa. Ta ce kin zauna a kan tabarmarta kin kwashe komai kin gaya mata, har da igiya. Kin bi ta Gusau kin koma Tsafe ba ki ko tsaya wurina ba, na kuma gane dalili.

Ranar Talata na dawo daga ofis, na ga baƙin takalma a ƙofar ɗaki, na gane su. Mansura ta nuna mini bayan madafa da baki. Na zagaya. Ga Inna zaune a kan kujera 'yar tsugune a tsakiyar ɓangarenta, da faifai a cinya. Igiyar da na raba lambun da ita ta kwance ta, ta ɗaure damin karan kuɓewa da ita. Ita kaɗai ta shigo motar Bungudu, ta yi tambaya daga tasha har gida, da ƙafar nan tata.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa wa rijiya. Sannan ta kira Mansura ta ce, "Tambayar mini wanga mutum, ni gunki ce da za a kewaye mini abinci da igiya? Mutane na neman abin miya, shi ya tsare shi yana ruɓewa da sunana. Zunubin wa za a rubuta?" Na sunkuyar da kai. Na riga na shirya jawabin ban haƙuri mai sassa uku tun makonni, amma ko kalma ɗaya ban tuna ba.

Tana faɗa hannunta yana aiki. Takan kama busasshiyar kuɓewa ta murɗe, sai 'ya'yan su zubo cikin faifai suna ƙara kamar tsakuwa. Da yake idon ba ya gani sosai, da yatsa take tantance su. Can sai ta jefa ɗaya a baki ta ciza. Ta sake ɗebo wasu ta mirza a tafin hannu. Sai ta ce wa Mansura, murya ta sauko, rabonta da ganin iri ya cika haka ta manta, domin mutane kwaɗayi kan sa su cinye masu kyau su bar wa iri ƙananan ƙarshe. Ta ce in aka ƙara kwana kaɗan duk da sun fashe sun zube ƙasa, kuma wanga mutum da yana tsaye da takardarsa yana kallo. Gaskiya ta faɗa. Na duba ƙasidar daga baya, ba ta ce komai a kan ajiye iri ba.

Da yamma ta ƙi yarda a dafa mata. Ta shiga ɓangarenmu ta tsinko yakuwa da sauran alayyafo mai taushi, ta sa aka yanko kabewa, ta yi miyar taushe da daddawar da ta zo da ita a ƙullin zanenta. Sa'adiya, miyar gidanmu ce sak, wadda muke ci a gindin rumbu. Na ci a zaure, ita tana ciki. Na ji tana tambayar Mansura ko wancan ya ci, ko yana can yana aunawa.

Ƙullin kayan da ta zo da shi ƙarami ne, ta kuma ce kwana biyu za ta yi. Amma kullum aiki sai ƙaruwa yake. An gama kuɓewa, ta ce kan alayyafo yana son a yanke a shanya a kakkaɓe. Bayan shi akwai rama. Kabewa za a yanyanka a shanya saboda rani, yakuwa kuma ba ta gama ƙosawa ba. Ta sami Hannatu, sukan yi hira ta kan katanga, har ta yi mata alkawarin iri. Na kai ta an duba idon, an ba ta magani, ta yarda Wasila tana ɗiga mata.

Ni dai ban tambaye ta komai ba. Ina tafiya a gidan nan a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Abin da nake tsoro shi ne ranar da aikin zai ƙare. Ki ci gaba da addu'a, wannan karon kuma ki riƙe bakinki da gaske.

Yayanki,
Haliru.

Gusau,
8 ga Nuwamba, 1998.

Zuwa ga ƙanwata Sa'adiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da Alhaji Kamilu da yara. Muna lafiya, Inna tana lafiya, ɗingishin ma ya ragu.

Aikin ya ƙare ranar Alhamis. An gauraya kowane iri da toka, an zuba a kwalabe da 'yan goruna, an toshe, an jera a ɗakin da take kwana. Lambun ya zama fili, sai kabewa a shanye a kan rufi. Da na ga ta wanke zannuwanta ta shanya, na ce shi ke nan. Ranar Juma'a da na tashi, har na fara tunanin motar da za ta fi mata sauƙi.

Ina shirin fita sai na ji ta a bayan madafa tana kiran Mansura. Na bi su. Na same ta tana zana ƙasa da sandarta a kusa da rijiya, layin a karkace, ba awo ba komai. Ta ce, "Ce mai shi haƙa mini nan. Albasa da tumatir na rani za a sa, can kuma barkono. Shi haƙa kawai, kada shi ɗauko mini abin awon nan."

Kin san halina, ba na iya barin magana a rataye. Na yi ƙarfin hali na ce wa Mansura ta tambaye ta, cikin ladabi, wa zai riƙa ban ruwa bisa ƙa'ida in ta koma, tun da ni ina ofis. Mansura ta harare ni, amma ta tambaya. Inna ta dubi katanga ta ce, "In na koma ina? In bar mai iri irin wanga shi lalata? Mutum da yawan tambaya kamar alƙali. Shi je shi ɗauko fartanya rana na yi."

Ban je ofis da wuri ba ranar. Na yi haƙa har hannuna ya sake fashewa, a kan layinta, a karkace yadda ta zana, ban gyara ko kaɗan ba. Mansura ta ce ta ga ina share ido, na ce mata ƙasa ce.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Ki nema mana alfarma wurin Alhaji ya ba mu aron a-kori-kurarsa ranar Asabar mai zuwa. Ku biyo ta nan ku ɗauke ni mu wuce Karakkai. Inna ta lissafa wa Mansura abin da za a kwaso: geronta da ke rumbu, turmi da taɓarya, tukwanen ƙasa, akwatin Baba, da akuya da 'ya'yanta. Ta ce a bar wa Uwani kaji da makullin gida. Maganar awakin tana damuna, domin na san abin da akuya ke yi wa lambu, amma na riga na yi magana da mai zana zai kewaye musu wuri kafin su iso.

Ku zo da yunwa, ita za ta yi girki. Ta kuma ce a gaya wa mai dogon bakin nan ta Tsafe ta taho da ƙwarya, an ware mata nata irin, kuma baɗi za ta zo da kanta ta ga abin da kika yi da shi.

Allah ya kawo ku lafiya. Wassalam.

Ni ne yayanki,
Haliru.